Darasin Kimiyya: Yadda Ake Auna Sanin Majinyaci Game da Ciwon Gaɓoɓi na Rumatoyid

Manufar darasi

Darasin yau na ɗaliban kiwon lafiyar al'umma ne, musamman waɗanda aiki zai kai su ƙananan asibitocin karkara irin na Garu da maƙwabtanta a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato. Kafin a tashi, ana son kowane ɗalibi ya iya abubuwa huɗu:

1. Bambanta ciwon rumatoyid da sauran ciwon gaɓoɓi.
2. Faɗin dalilin da ya sa ake auna abin da majinyaci ya sani game da ciwonsa.
3. Jarraba jerin tambayoyi don a gane ko ya cancanci a dogara da shi.
4. Gyara tambayoyin su dace da mutumin da zai amsa su da baki, cikin Hausar garinsu.

1. Ciwon kansa

Wanda bai san ciwon ba, ba zai iya auna sanin wani a kansa ba. Don haka daga nan za mu fara.

A cikin kowace gaɓa mai motsi akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe ta daga ciki. Shi ke fitar da ruwan da ke sa ƙasusuwa su riƙa zamewa ba tare da sun gogi juna ba. A ciwon rumatoyid, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ke juyowa ta auka wa wannan tantani. Sai ya kumbura, ya yi kauri, gaɓar ta tara ruwa. In aka bar shi haka, sannu a hankali zai cinye guringuntsi, ya zaizaye bakin ƙashi, jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar su saki, yatsu su karkace. Abin da ya zaizaye kuwa ba ya dawowa.

Yawanci yakan fara ne da ƙananan gaɓoɓi: tushen yatsun hannu da tsakiyarsu, wuyan hannu, da tushen yatsun ƙafa. Yakan kama dama da hagu tare. Babbar alamarsa ita ce ƙagewa da safe. Majinyaci zai tashi ya kasa dunƙule hannu har fiye da rabin awa, wani lokaci awa ɗaya ko biyu, sai ya motsa jiki sannan gaɓoɓin su fara saki. Akwai kuma kasala da ƙarancin jini, kuma ciwon yana iya taɓa huhu da ido da zuciya.

Ku riƙe bambancinsa da 'yan uwansa. Ciwon zaizayewar guringuntsi, wanda tsufa da aikin ƙarfi ke kawowa, ya fi kama gwiwa da ƙugu da baya. Aiki ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi, ƙagewarsa kuma ta 'yan mintoci ce. Gawut yakan taso dare ɗaya, sau da yawa a babban yatsan ƙafa, da zafi mai tsanani. Ciwon ƙashi na sikila kuwa tun yarinta ake saninsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da rumatoyid a duniya, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari mata ne. Har yanzu ba a gano ainihin abin da ke tayar da shi ba, amma an tabbatar gado yana da hannu, shan taba kuma yana ƙara haɗarin kamuwa. Ba a ɗaukarsa daga wani. Sanyin hunturu ma ba shi ke kawo shi ba, ko da yake majinyata da yawa sun fi jin jiki a lokacin.

Wani likita Bafaranshe, Landré-Beauvais, shi ya fara siffanta ciwon a 1800, sannan Alfred Garrod na Ingila ya raɗa masa suna a 1859. A Najeriya an daɗe ana ɗauka ba shi da yawa. Brian Greenwood ya rubuta daga Ibadan a 1969 cewa ba kasafai ake ganinsa ba, kuma wanda ake gani mai sauƙi ne. A 1993 wani bincike da aka yi kan kimanin mutum 2,000 a karkarar kudancin ƙasar bai samu ko mutum ɗaya mai shi ba. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin majinyata 200 da suka duba a Legas. Ashe ciwon yana nan, kuma ma'aikacin da ya ɗauka babu shi ba zai neme shi ba.

Magungunansa kashi uku ne, kuma wannan rabon shi ne ginshiƙin duk abin da za mu auna:

- Masu rage zafi, irin su dikulofenak da ibufurofen. Suna aiki cikin awoyi, amma ba sa hana gaɓa lalacewa. Yawan shansu na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.
- Masu kwantar da kumburi nan take, irin su firednisolon da deksametason. In aka daɗe ana sha, suna jawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe a kansu ba ya dainawa rana ɗaya, a hankali ake rage masa.
- Masu danne ciwon daga tushe, irin su metotirekset, salfasalazin da haidiroksikulorokwin. Su ke kare gaɓa, amma sai sun ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji amfaninsu. Gwargwadon yadda aka fara su da wuri, cikin watannin farko, gwargwadon yadda ake tsirar da gaɓoɓi.

2. Me ya sa ake auna sani?

Rumatoyid ciwo ne na zama tare. Ku ɗauki macen da aka tura daga Garu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 80 daga Illela. 'Yan mintoci za ta yi a gaban likita, sau ƙalilan a shekara. Sauran kwanakin duka ita ke yanke wa kanta hukunci: wace ƙwaya za ta sha, wace rana, ta ci gaba ko ta daina tunda mako uku ba ta ji sauƙi ba, ta aika yaro kemis ya sayo mata haɗi, ko ta kira wanzami ya yi mata ƙaho. Duk wannan ya rataya ne a kan abin da ta fahimta.

Ma'aikaci yakan gama bayani ya ce, "Inna, kin gane?" Ita kuma ta ce, "Na gane." Wannan ba awo ba ne, ladabi ne. Kunya da kara ba za su bar dattijuwa ta ce wa sa'an ɗan cikinta bayaninsa bai shiga ba. Shi ya sa ake bukatar jerin tambayoyi tsararru, waɗanda kowa zai amsa iri ɗaya, a ba su maki.

Amfanin awon uku ne. Na farko, a gano inda giɓin kowane majinyaci yake, don kada a ɓata lokaci ana koya masa abin da ya riga ya sani. Na biyu, a gane ko koyarwar da asibiti ke yi tana aiki, ta hanyar aunawa kafin darasi da bayansa. Na uku, a kwatanta rukuni da rukuni, misali mata da maza, ko na kusa da asibiti da na nesa, a ga wa aka bari a baya.

3. Ma'aunin birnin Lids

Ɗaya daga cikin sanannun ma'aunai an wallafa shi a 1991. Wata ma'aikaciyar jinya, Jackie Hill, da abokan aikinta a birnin Lids na Ingila suka tsara tambayoyi 16 masu zaɓin amsa, cikakken makinsu 30. Tambayoyin sun taɓa fannoni huɗu: sanin ciwon kansa, magunguna, motsa jiki, da kare gaɓoɓi tare da tattalin ƙarfi.

Suka gwada su kan majinyata 70. Mafi ƙarancin maki 3 ne, mafi yawa 28. Kashi 52 cikin ɗari ba su san dalilin da ya sa ake ɗibar jininsu ba. Kashi 11 sun ɗauka sanyi da laima ke kawo ciwon. Da yawa kuma sun kasa bambanta maganin rage zafi da mai danne ciwo.

Abin da ya fi kamata ku lura da shi: makin bai tafi da shekarun majinyaci ba, bai kuma tafi da daɗewar da ya yi da ciwon ba. Da yawan karatun da ya yi a makaranta ya tafi. Wato mutum zai iya shekara goma yana zuwa asibiti bai san abin da yake sha ba. Idan haka abin ya kasance a babban asibitin koyarwa, a ƙasar da kusan kowa ke karatu, kada wani ya ɗauka tsohon majinyaci a Garu ya san ciwonsa don kawai ya daɗe da shi.

Bayan nan an yi wasu ma'aunai. A 2004 an fitar da mai tambayoyi 12 don waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba. A 2015 kuma ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta ba da shawarar cewa ilmantar da majinyaci ya zama wani ɓangare na jinyar kanta, kuma a tsara shi bisa bukatar kowane mutum. To, ba a sanin bukatar sai an auna.

4. Siffofin ma'auni nagari

Kafin a auna majinyaci, sai an auna ma'aunin. Ku tuna da mudun awon hatsi. Mudun da gindinsa ya lotsa kullum awo ɗaya zai ba ku, amma bai cika mudu ba. Lafiyayyen mudu kuma, a hannun wanda yau zai yi masa tozo gobe ya share baki, awonsa ba zai taɓa zama ɗaya ba. Na farko ya rasa inganci, na biyu ya rasa tsayuwa.

Inganci shi ne ma'auni ya auna abin da aka ce yana aunawa. Ana duba shi ta hanyoyi biyu masu sauƙi. Da farko a ba masana da majinyata su duba ko tambayoyin sun taɓa duk abin da ya wajaba a sani, ba tare da shara ba. Sannan a gwada kan rukunoni biyu da aka riga aka san sun bambanta, kamar ma'aikatan jinya da mutanen da ba su taɓa jin ciwon ba. In makinsu ya zo ɗaya, ma'aunin ba ya auna sani.

Tsayuwa ita ce ma'auni ya ba da amsa ɗaya in abin da ake aunawa bai canza ba. A yi wa mutane tambayoyin yau, a sake bayan kamar mako biyu ba tare da an koya musu komai a tsakani ba, sannan a lissafa yadda makin farko ya yi daidai da na biyu. Sakamakon yakan faɗo tsakanin 0 da 1, kuma daga 0.7 zuwa sama ake karɓa. Ma'aunin Lids ya samu 0.81.

Jituwar tambayoyi ita ce a ga duk tambayoyin suna ja gefe ɗaya. Kuder da Richardson sun fitar da lissafinta a 1937 don tambayoyin da amsarsu daidai ce ko kuskure, Lee Cronbach kuma ya faɗaɗa shi a 1951. A nan ma'aunin Lids ya samu 0.72.

Gano canji shi ne makin ya motsa in sani ya ƙaru da gaske. Ma'aunin da kowa ke cinye shi tun farko ba shi da sararin nuna ci gaba.

5. Lissafin da kowa zai iya yi da biro

Alƙaluman da ke wannan sashe na misali ne don aikin aji.

Nauyin tambaya. A raba adadin waɗanda suka amsa daidai da adadin duk waɗanda aka tambaya. In mutum 30 cikin 40 suka dace, 30 ÷ 40 = 0.75, tambayar mai sauƙi ce. In mutum 8 ne, 8 ÷ 40 = 0.2, mai nauyi ce. Ana son yawancin tambayoyi su faɗo tsakanin 0.3 da 0.8.

Ƙarfin rarrabewa. A jera mutum 40 ɗin bisa jimlar makinsu, a ware 10 na sama da 10 na ƙasa. In 9 daga na sama suka amsa wata tambaya daidai, 3 daga na ƙasa, to (9 − 3) ÷ 10 = 0.6. Wannan tambaya tana raba mai sani da marar sani sosai. In sakamakon ya gaza 0.2, a sake duba ta. In kuwa na ƙasa suka fi na sama dacewa, to akwai ruɗani a lafazinta, ko kuma amsar da aka ɗauka daidai ce ba daidai ba ce.

Rabon canki-canki. A tambayar "e ko a'a", wanda bai san komai ba zai dace da rabi. A mai zaɓi huɗu, zai dace da ɗaya cikin huɗu, wato maki 5 cikin 20 kyauta. Ana gyara wannan da cire wani abu daga makin: a raba adadin kurakurai da adadin zaɓi ban da ɗaya, a ɗebe daga amsoshin daidai. A ce a tambayoyi masu zaɓi huɗu majinyaci ya dace da 11 cikin 20, ya kuskure 6, ya ce bai sani ba a 3. Lissafin zai zama 11 − (6 ÷ 3) = 9.

Kullum a sa "ban sani ba" cikin zaɓi, kuma a rubuta ta dabam da amsar kuskure. Wanda ya ce bai sani ba, faɗa masa kawai za a yi. Wanda ya riƙe kuskure da yaƙini, sai an zauna da shi an ji daga ina ya samo shi, kafin a iya sauya masa ra'ayi.

6. Kawo ma'aunin Garu

Ma'aunin da aka inganta a Ingila ba ya zuwa Illela da ingancinsa. Sai an sake gina shi, an kuma sake jarraba shi.

Fassara. Mutum biyu su fassara zuwa Hausa, kowa shi kaɗai, sannan a haɗa fassarar ta zama ɗaya. Mutum na uku, wanda bai ga asalin ba, ya mayar da ita Turanci, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Daga nan a gwada kan mutum 30 zuwa 40, ana tambayar kowa, "Me kika fahimta da wannan tambayar?" Da ɗan gari akan ci gari, don haka a sa majinyata da ma'aikatan yankin cikin masu dubawa. Takardar da aka rubuta da daidaitacciyar Hausa dole ta zauna a kunnen mai cewa "ƙahwa" da "sahe" da "wanga". A kuma tuna cewa wasu majinyatan daga tsallaken iyaka suke, wajen Birnin Ƙonni, kuma takardar maganinsu da Faransanci aka rubuta.

Sunan ciwon. A bakin mutane "sanyi" ya haɗa cututtuka da yawa, tun daga ciwon gaɓoɓi har zuwa na mara. In tambaya ta ce "sanyin ƙashi", ba ku da tabbacin ciwon da majinyaciya ke amsawa a kansa. Sannan in kuka tambayi abin da ke kawo shi, kun riga kun sa mata amsa a baki. Gara a siffanta: "wannan ciwo da ke kumbura miki yatsu, yake ƙage miki hannu da safe".

Abin da tambayoyin suka ƙunsa. Tambayoyin kare gaɓoɓi an tsara su ne bisa aikin gidan Bature. A nan sai a yi maganar daka, jan ruwa da guga, tuƙin tuwo, matse wanki, damun fura, dashen albasa, alwala da asuba da zaman tahiya. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a ɗora nauyi a kan manyan gaɓoɓi maimakon yatsu, a rarraba aiki, a huta kafin a gaji, amma kada a daina motsi gaba ɗaya, domin gaɓar da aka ajiye ƙagewa take yi.

Tambaya da baki. Da yawa daga cikin majinyata ba sa karanta boko, wasu ajami suke karantawa. In aka miƙa musu takarda, iya karatu aka auna, ba sanin ciwo ba. Saboda haka ma'aikaci ne zai karanta, kuma ya kiyaye waɗannan:

- Lafazi ɗaya ga kowa, babu ƙari babu ragi.
- Zaɓi kada ya wuce uku ko huɗu gajeru, don kunne ba ya riƙe abin da ido ke riƙewa.
- A keɓe da majinyaci. In maigida ko uwar miji na zaune, sau da yawa su za su amsa. In mace ta fi sakewa da mace, a samo mata.
- Kada fuska ko murya ta nuna an dace ko an kuskure, sai an gama.
- A nemi izini tun farko, a bayyana cewa ba jarrabawa ba ce, kuma ƙin amsawa ba zai taɓa jinyarsa ba.

Ku kwatanta waɗannan biyu. Na farko ya ce, "Inna, ai kin san sau ɗaya a mako ake shan wannan, ko?" Babu amsar da zai samu sai "E, haka ne." Na biyu ya zube magungunan a kan tebur ya ce, "Inna, nuna mini wanda kike sha kullum, da wanda ba kullum ba. Wannan fa, wace rana kika sha shi na ƙarshe? Guda nawa?" Na biyun ne ya yi awo.

Ga misalin tambayoyi, ɗaya daga kowane fanni:

1. Baba, wanda ke cin abinci kwano ɗaya da kai zai iya ɗaukar wannan ciwo?
2. In ka fara sabon maganin danne ciwo ka yi mako uku ba ka ji sauƙi ba, me za ka yi: ka daina, ka ƙara yawansa, ko ka ci gaba yadda aka ce?
3. Ranar da gaɓoɓi suka lafa, wanne ya fi: kwanciya duk yini, motsa su a hankali, ko aikin ƙarfi don a rama kwanakin baya?
4. In za ki ɗauki tukunya mai nauyi, wanne ya fi sauƙi ga gaɓoɓinki: riƙe baki da yatsu, ko tallabe ta da tafin hannu biyu?

7. Tambayoyin da ba a ɓoye su cikin jimla

Jimlar maki tana da aibi guda: tana ɗaukar duk tambayoyi daidai da juna. A ce mata biyu kowace ta samu 14 cikin 20. Ta farko ta kuskure abin da ke kawo ciwon da sunan gwajin jini. Ta biyu ta ɗauka kullum ake shan metotirekset. A takarda daidai suke, amma ta biyun rayuwarta na cikin haɗari.

Metotirekset sau ɗaya ake shansa a mako. Ƙwayarsa yawanci miligiram 2.5 ce, don haka wanda aka rubuta wa miligiram 15 zai haɗiye guda shida a rana ɗaya. Nan kuskure ke shigowa, domin duk sauran magungunan da mutum ya saba da su kullum ake sha. Shansa kullum yana iya durƙusar da ɓargo, wanda ke ƙera jini, har ya kai ga mutuwa.

Saboda haka a ware waɗannan tambayoyi na tsaro, a yi musu hukuncin "ya sani" ko "bai sani ba", kuma duk wanda ya kuskure ɗaya ba ya fita sai an gyara masa:

- Wace rana ce ranar metotirekset, kuma guda nawa? Yana taimakawa a ɗaura shi a kan ranar da ba a mantawa, kamar Juma'a, folik asid da ake ba mai shansa kuma a sa masa wata rana dabam.
- Mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa za ta iya shan metotirekset? A'a. Yana illa ga ɗan tayi, sai an dakatar da shi tun kafin ɗaukar ciki bisa shawarar likita.
- Wane magani ne ba a haɗa shi da shi? Septrin, wanda ake saye a kemis ba tare da takarda ba.
- Waɗanne alamomi ne ke cewa a dakata a zo asibiti? Gyambon baki, zazzaɓi, sabon tari ko sarƙewar numfashi, da ido ya yi ɗorawa.
- Don me ake ɗibar jini lokaci-lokaci? Don duba lafiyar hanta da ƙoda da ƙwayoyin jini, da kuma ganin ko kumburin ya kwanta.
- Wanda ya yi watanni yana shan firednisolon zai iya dainawa rana ɗaya? A'a.

8. Karanta sakamako

Ƙarancin maki ba shaida ba ce cewa majinyaci ba shi da basira. In mutum 30 cikin 40 ba su san dalilin gwajin jini ba, to wurin da ke ɗibar jinin ne bai faɗa musu ba, ko ya faɗa da harshen da bai shiga ba. Ma'aunin yana ɗauke da sunan majinyaci, amma aikinmu yake aunawa.

Bayan awo sai koyarwa, kuma hanyar da ta fi ita ce a sa majinyaci ya maimaita da bakinsa. Ma'aikaci ya ce, "Baba, don in tabbata na yi bayani yadda ya kamata, in ka koma gida me za ka gaya wa iyali game da wannan maganin?" Lafazin ya ɗora nauyin a kan mai bayani, dattijo bai ji kunya ba, kuma nan take ake jin abin da ya shiga da wanda bai shiga ba.

A yi hattara da murna da wuri. In matsakaicin maki ya tashi daga 8 zuwa 13 bayan darasi, wani ɓangare na ƙarin yana iya zama sabo da tambayoyin ne kawai. Don a tabbatar, sai a kwatanta da rukunin da ba a koyar ba tukuna, a kuma sake aunawa bayan wata uku.

Sannan sani dabam, aiki da shi dabam. Wani nazari na cibiyar Cochrane da aka fitar a 2003, wanda ya tattara gwaje-gwaje 31, ya nuna cewa ilmantar da masu rumatoyid yana da amfani, amma ɗan kaɗan ne kuma na ɗan lokaci. Darasi ɗaya ba ya isa, sai ana maimaitawa. Haka kuma mace za ta iya cin 20 cikin 20 ta daina magani saboda kuɗin mota zuwa Sakkwato ya gagara. Don haka a ƙarshen kowane awo a ƙara tambaya ɗaya marar maki: "Mene ne ke hana ki shan maganin yadda aka ce?"

Taƙaitawa

- Rumatoyid ciwon garkuwar jiki ne mai kama ƙananan gaɓoɓi dama da hagu, da doguwar ƙagewa da safe.
- "Na gane" ba awo ba ne, kuma daɗewa da ciwo ba ya nufin saninsa.
- Ma'auni nagari yana da inganci, tsayuwa, jituwa da iya gano canji, kuma duk inda aka kai shi sai an sake jarraba shi.
- A Garu da baki ake tambaya, a keɓe, da magungunan a kan tebur.
- Tambayoyin tsaro ba sa shiga jimla, kuskure ɗaya a cikinsu nan take ake gyara shi.

Aikin gida

1. Cikin majinyata 50, mutum 12 ne suka amsa wata tambaya daidai. Lissafa nauyinta, ka faɗi ko za ka bar ta.
2. A wata tambaya, 4 daga cikin 10 na sama sun dace, 7 daga cikin 10 na ƙasa sun dace. Lissafa ƙarfin rarrabewarta, ka kawo dalilai biyu da za su iya jawo haka.
3. Majinyaci ya dace da 13, ya kuskure 4, ya ce bai sani ba a 3, a tambayoyi masu zaɓi uku. Nawa ne makinsa bayan an cire rabon canki-canki?
4. Gyara wannan tambaya: "Hajiya, ai dai ba kya sayen haɗi a kemis, ko?"
5. Rubuta tambayoyi biyar kan kare gaɓoɓi ga manomin albasa, ka karanta wa mutum uku da ba su yi boko ba, ka rubuto yadda kowannensu ya fahimce su. Da wannan za mu fara darasi na gaba, kan tsara zaman koyarwa na minti goma.